Ruwan Famfo a Shekarar Takabata

Maigidana ya rasu a tsakiyar zafin shekarar zaɓen shugaban ƙasa, wajen ƙarshen shekarun tamanin. Direban tasi ne. Yana cikin layin motoci a filin jirgin sama yana jiran fasinja zuciyarsa ta tsaya. Sai da na bayansa suka yi ta danna hon bai matsa ba, sannan wani ya fito ya leƙa. An binne shi a nan Amurka, a wata maƙabarta can cikin Virginia. Ya bar ni da 'ya guda, tana shekara uku da ɗoriya.

Muna haya a hawa na uku na wani tsohon bene, a wani ƙaramin gari da ke manne da Silver Spring. Garin bai kai wata unguwar girma ba, amma yana da magajinsa da kansilolinsa. Aikina kula da tsofaffi ne a wani gidan jinya, kuma sun yarda in koma idan na gama takaba. Na ajiye turare da 'yan kunne, na zauna a ɗaki.

Akwai abin da marigayin yake yi kullum bayan sallar asuba. Zai buɗe famfon ruwan zafi ya cika babbar tukunya, ya ɗora a wuta, ya bar ta tana tafasa har ya gama shirin fita. Ba ya yarda da tafasa ɗaya. Sai ya ga ruwan ya ragu sosai yake saukewa, idan ya huce in ɗura a kwalabe. Shi 'yarmu take sha, da shi nake dama mata koko. Yana yaro amai da gudawa ya shiga garinsu ya ɗauke masa ƙanne biyu, tun daga lokacin bai ƙara amincewa da ruwan da bai ga wuta ba. Na zafin kuma yake ɗiba domin a ganinsa an riga an yi rabin aikin. Da ya rasu na ci gaba da yi yadda yake yi. A makonnin farko shi ne kaɗai aikin da nake iya kammalawa ba tare da na tsaya a tsakiya na rasa me nake yi ba.

Ba mu kaɗai ba ne. Duk mutanenmu da ke benen haka suke yi, sabon zuwa ya gani wajen tsohon zuwa. Har da Anti, wata 'yar Filato da ke hawa na biyu, Kirista, ma'aikaciyar jinya a babban asibiti, wadda ta riƙe ni kamar ƙanwarta tun ranar da muka tare.

Anti ce ta fara cewa yarinyar ba daidai take ba. Ba ta cin abinci, tana yawan riƙe ciki tana kuka, ga ƙiwa da ba ta da ita a da. Maganarta ma ba ta ƙaruwa. Masu zuwa gaisuwa suna cewa kewar uba ce, ni ma haka na ɗauka.

"Kewar uba ba ta hana kashi, ƙanwata," in ji Anti. "Ba ni ita gobe in kai ta a duba jininta. Ke yi zamanki."

Da sakamakon ya fito ba ta faɗa mini ta waya ba. Ta hau benen da kayan aikinta a jiki, ta zauna a ƙasa kusa da ni, ta ce an sami dalma a jinin yarinyar, fiye da yadda likita zai kawar da kai. Ni abin da na sani game da dalma shi ne ana like kwanon da ya ɓule da ita. Anti ta ce tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma abin da ta riga ta taɓa ba lallai ya dawo ba. Abin da ake iya yi shi ne a hana wata ta ƙara shiga.

Bayan 'yan kwanaki wata jami'ar lafiya ta zo, Baturiya mai furfura. Da ta ga takalma a bakin ƙofa ta cire nata ba tare da an ce mata ba. Ta kankari fentin taga da na bango ta zuba a 'yar leda. Ta tambaye ni ko ina sa wa yarinyar wani abu a ido. Na ɗauko mata tandun kwallin da mahaifiyata ta ba ni lokacin aurena, na ce nakan sa mata ranar Juma'a. Ta ce irin wannan dutsen yawanci dalma ce zalla, in daina. Sannan ta shiga kicin ta ga tukunyar tana huci.

"Wannan fa?"

Na yi mata bayani, har da ɗan alfahari. Na ce a gidan nan ba ma ba yaro ruwa sai ya tafasa sosai.

Ta tambaye ni wane famfo nake ɗiba, da wane lokaci. Sai ta ja kujera ta zauna, ta yi mini magana a hankali kamar yadda ake yi wa wanda Turancinsa bai nuna ba. Ta ce wuta tana kashe ƙwayoyin cuta domin suna da rai, dalma kuwa ƙarfe ce, ba ta mutuwa. Idan ruwa ya tafasa, ruwan ne yake fita a tururi, ita ta zauna ta ƙara kauri. Ta ce ruwan zafi ya fi jawo ta daga mahaɗar tsofaffin bututu, kuma ruwan farko na safiya, wanda ya kwana a bututun, ya fi kowane ɗauko ta.

Na lissafa a zuciyata: na zafi, na safiya, mai dogon tafasa. Duka ukun mun haɗa.

Bayan ta tafi na kashe wutar. Ban iya zubar da ruwan ba sai da yamma. Kwallin kuwa na naɗe a takarda na jefa a shara tun kafin ta kai ƙasan bene.

Fentinmu ba a sami komai a ciki ba. Ruwan ne. Ta ɗibi na ɗakina, da na Anti, da na maƙwabciyata ta ƙofa da ƙofa, duka aka samu, na safiya ya fi muni. Masu ruwan gari suka gwada nasu a bakin titi suka ce lafiya yake shigowa, a cikin benen yake lalacewa. Mai benen kuwa wani kamfani ne da ba mu taɓa ganin fuskar kowa nasa ba. Mai kula da ginin ya ce ya isar da saƙo, an ce masa ana dubawa. Haka aka yi ta dubawa har ganye ya fara canza launi.

Muka koma ruwan jarka daga kanti. Anti ce take kinkimo mini shi hawa uku bayan ta taso aiki, tana haki tana zagin matakalar. Da shi ake sha, da shi ake girki. Amma yaro yaro ne. Rannan na tarar da 'yata ta taka bokiti ta kafa baki a famfon banɗaki. Likita ya ce ko dai a gyara ruwan, ko mu bar gidan. Ni kuwa a gidan da mijina ya bar ni nake takaba, kuma ba ni da inda zan nufa.

Maƙwabciyar tawa baƙar fata ce 'yar ƙasa, tsohuwar mai dafa abinci a makarantar firamare da ta yi ritaya. Tana riƙon jikarta, sa'ar 'yata. Duk benen Kaka ake ce mata, har manya. A farkon shekarar ta yi wa wani baƙar fata, malamin coci, kamfen ɗin neman tsayawa takarar shugaban ƙasa. Ta bi gida-gida cikin sanyi, ƙafafunta suna kumbura. Ita da marigayin kullum sai sun yi musu a bakin matakala. Shi ya ce mata, "Kaka, ƙasar nan ba ta shirya ba, ki huta wa gwiwarki." Ita ta ce, "Kai da ba ka da ƙuri'a, wa ya tambaye ka? Je ka ɗauko Turawanka a filin jirgi." Amma ya bar ta ta manna masa takardar mutumin a bayan mota, kuma ya gaya mini akwai fasinjan da ya gani ya fasa shiga. Bai cire ba. Mutumin nata bai sami takarar ba. Ta ci gaba da maƙala hotonsa a rigar sanyinta.

Ranar da aka ce mata ita ma an sami dalma a jinin jikarta, ko da yake bai kai na 'yata ba, ta shigo ba sallama ta zauna a kujerar marigayin.

"Na je wajen kansilan unguwarmu," ta ce. "Kin san abin da ya fara tambayata? Wai mutum nawa ne ke zaɓe a benen nan. Na ce ni ce, da gurgun nan na ƙasa, da wata da ba ta fita. Sai ya fara duba agogo."

Na ce to ai gaskiyarsa ce, mu baƙi ne.

"Baƙi! Ku 'yan Afirka kowa da akwatinsa a ƙarƙashin gado, wai shekara mai zuwa zai koma. Mijinki ya koma? Yana can kwance a Virginia, yarinya. 'Yarki a nan aka haife ta. Ruwan nan bai tambaye ta takardar zama ba."

Maganar ta yi mini zafi. Ta lura, ta miƙo hannu ta dafa gwiwata, amma ba ta janye ko kalma ɗaya ba.

Ta ce ta matsa har an sa maganar benenmu a zaman majalisar gari na wata mai kamawa. Kansilolin sun rabu biyu. Wasu da masu gidajen haya suke tafiya, wasu da 'yan haya, akwai kuma biyu da ke bin inda ɗakin taro ya fi cika. Idan ita kaɗai ta je, tsohuwa ce mai mita da suka saba da ita. Ana buƙatar uwar yarinyar da abin ya fi taɓawa ta tsaya ta yi magana da bakinta.

Na ce ina takaba. Na yi mata bayanin abin da hakan yake nufi. Ta saurara har ƙarshe, ta ce a cocinsu ma ana sa baƙi, amma ba a hana mutum ceton ɗansa.

A kwanakin nan talabijin ta cika da tallan zaɓe. Akwai wani da ake ta maimaitawa, na hoton wani fursuna baƙar fata mai gemu, wanda aka ce an sake shi na ɗan lokaci ya je ya aikata mugun abu. Ana nuna fuskarsa ne domin a tsorata mutane da ɗaya daga cikin 'yan takarar. Wata yamma muna zaune ni da Kaka, yaran suna wasa a ƙasa, sai hoton ya fito. 'Yata ta ɗago kai, ta tashi ta je ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin, ta kira shi da sunan da take kiran ubanta. Ba su yi kama ba ko kaɗan. Gemu ne kawai da launin fata.

Kaka ta tashi ta kashe talabijin. Ta daɗe a tsaye tana ba mu baya.

"Ita uba ta gani," ta ce. "Su kuma an koya musu abin da za su gani. Ki san da wannan kafin ki shiga ɗakin taron nan. Ba zan ɓoye miki ba."

Daga nan na fahimci ta riga ta ɗauka zan je.

Marigayin yana da ɗan uwa a garin Largo, ba nisa da mu, ɗan wan mahaifinsa, injiniya, wanda muke kira Yaya. Shi ya tsaya a kan jana'iza, kuma duk mako sai ya zo da matarsa sun duba mu. Ba zan faɗi sharrinsa ba, mutumin kirki ne. Da na gaya masa maganar majalisa, ya ajiye kofin shayinsa.

"Amarya," ya ce, don haka yake kirana tun zuwana, "ke fa takaba kike yi. Me za a ce a gida idan aka ji matar ƙanena ta fita taron siyasa ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba?"

"Ba siyasa ba ce, Yaya. Ruwa ne."

"A ƙasar nan komai siyasa ne. Ga zaɓe ya ƙarato, kina ganin irin abin da ake nunawa. Ba lokacin da baƙar fata, baƙo kuma, zai ɗaga murya ba ne. Ki bari ki gama, ku dawo wajenmu, akwai ɗaki a ƙasa."

Na ce na gode. Na ce yaran Anti fa, da jikar Kaka, da jaririn mutanen Gana na hawa na ɗaya?

Sannan ya faɗi abin da yake ci masa rai tun farko. Ya ce idan na tsaya a gaban mutane dole in faɗi yadda ake tafasa ruwan, kuma wa yake tafasawa. Za a rubuta cewa ƙanensa ne ya shayar da 'yarsa guba da hannunsa. Matarsa ta sunkuyar da kai.

Ni ma abin da yake hana ni barci ke nan. Na ce masa, "Yaya, da yana raye aka gaya masa, kana ganin zai zauna a ɗaki?"

Ya ce in tambayi Malam, abin da Malam ya ce shi ke nan.

Malamin wani dattijo ne ɗan ƙasarmu da ke koyarwa a wata jami'a, shi yake mana wa'azi idan an taru. Na kira shi a waya washegari da hantsi. Ya saurare ni ba tare da ya katse ni ba, sai tambayoyi biyu da ya yi. Ko akwai wanda zai iya faɗin abin a madadina a saurare shi kamar ni? Na ce an ce babu. Ko cutar tana ci gaba muddin ba a gyara ba? Na ce tana ci gaba.

"To wannan lalura ce, 'yata," ya ce. "Ki je da kayanki na takaba, ba ado, ba ƙamshi. Ki faɗi abin da ya kai ki, ki dawo ki kwana a ɗakinki. Allah ya ba yarinyar lafiya." Har zai ajiye sai ya ƙara, "Ke, wai na zafin ne ya fi muni? Bari in je in gaya wa Hajiya, mu ma tukunyarmu tana kan wuta."

Kafin ranar, ni da Anti muka raba aiki. Ita ta bi ɗakunan mutanenmu, ni kuma duk wadda ta shigo gaisuwa na zaunar da ita na gaya mata: a daina ɗibar na zafi, a saki na sanyi ya zuba har ya yi sanyi sosai a hannu, yara kuwa a ba su na jarka. Ba kowa ya yarda ba. Wata dattijuwa da ta zo wa 'yarta wankan jego ta dube ni da tausayi, ta ce baƙin ciki ne yake sa ni wannan magana, ina aka taɓa jin wuta ta ɓata ruwa? Sai da Anti ta kai ta kicin ta tafasa ruwan gishiri a gabanta har ya ragu, ta ce ta ɗanɗana.

"Mama, gishirin ya mutu?"

"Ya ƙaru, ja'ira."

"To haka dalmar take."

Zaman majalisar da yamma ake yi, bayan an tashi aiki. Shi ne fitata ta farko tun rasuwar. Iskar waje ta buge ni har na ji jiri a bakin ƙofar bene, Anti ta riƙe mini hannu. Da muka fito titi na ga motar Yaya a tsaye. Ya buɗe mana ƙofar baya.

Ɗakin taron bai kai yadda na zata ba, kamar ajin makaranta ne babba. Kansilolin suna zaune a dogon tebur, magajin gari a tsakiya. Sai da aka gama maganar wurin ajiye motoci da ta wata bishiya da ake son sarewa sannan aka zo kanmu. Mutanen benenmu sun cika layuka uku, har da dattijuwar nan mai wankan jego, wadda ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci. Na ga kansilan unguwarmu yana ƙirga kawunanmu da ido.

Lauyan kamfanin ya fara. Mutum ne mai ladabi, bai ɗaga murya ba. Ya ce suna jajanta wa iyalin. Ya ce amma a binciken jami'ar lafiya an ga cewa mutanen nan suna da wasu al'adu da suka zo da su, suna shafa wa jarirai baƙin dutse a ido, suna kuma sarrafa ruwa ta hanyar da ba a saba ba a nan. Ya ce ba adalci ba ne a ɗora wa mai gida nauyin al'adar wasu. Sau da yawa ya ce "mutanen nan", kuma duk lokacin da ya faɗa sai wasu a bayanmu su gyara zama.

Aka kira ni. Na tsaya a gaban abin magana. Na shirya kalmomina tun a gida, don Turancina na aiki ne, ba na taro ba.

Na ce gaskiya ne na sa wa 'yata kwalli, kamar yadda uwata ta sa mini. Ranar da aka gaya mini yana da dalma, ranar na jefar da shi. Na ce gaskiya ne mijina yana tafasa ruwan nan kowace safiya kafin ya fita tuƙi. A garinsu ruwa ya kashe masa ƙanne, ya yi rantsuwa ba zai kashe masa 'ya ba. Ba wanda ya gaya masa abin da ke cikin bututun, kuma ya rasu bai sani ba. Na ce tukunyar ma na sauke ta. Abin da yake hannuna na gyara. Bututun ba a hannuna yake ba, shi ya sa na zo.

Na ce na gode, na koma na zauna.

Kaka ta tashi ba a kira ta ba. Magajin gari ya ce ta jira layinta, ta ce ta jira layi tun kafin a haife shi. Aka yi dariya, ya ƙyale ta. Ta ɗaga jikarta sama yadda kowa zai gani.

"Wannan ba ta taɓa ganin baƙin dutse ba. Ni kuma ban taɓa tafasa ruwa ba sai in zan sha shayi. Kakannina sun fi kakannin lauyan nan daɗewa a ƙasar nan. To wace al'ada ce ta sa mata dalma a jini? Faɗa mini, ɗana, ina sauraro."

Lauyan ya duba takardunsa.

Sun daɗe suna jayayya a tsakaninsu, yawancinta ban gane ba. Yaya ne yake sunkuyowa yana fassara mini a kunne. A ƙarshe aka ɗaga hannu, muka sami rinjaye da ƙyar, kuma kansilan unguwarmu sai da ya ga inda aka karkata sannan ya ɗaga nasa. An umarci kamfanin ya fara kawo mana ruwan sha nan take, ya kuma canza bututun kafin ƙarshen sanyi. Amma domin a sami hannun kansilolin nan biyu masu bin cikar ɗaki, an yarda ya ɗan ƙara kuɗin haya bayan gyaran.

Kaka ta fito tana faɗa. Wai mu za mu biya kuɗin cire gubar da aka shayar da mu. Ni ban iya fushi ba a ranar. A mota, da muka kusa gida, Yaya ya ce, "Kin faɗe shi yadda yake, Amarya." Na kwana a ɗakina.

Zaɓen ya zo ya wuce. Wanda aka yi tallan fursunan domin a taimake shi ne ya ci. Kaka ta je ta jefa ƙuri'arta, ta dawo ta rufe ƙofa, ba mu gan ta ba sai bayan kwana biyu. Da ta fito ba ta yi maganar ba, sai ta tambaye ni ko motar ruwa ta zo.

Ruwan jarka ya riƙa zuwa, wani makon ya makara. Masu gyara kuwa shiru. Na gama takaba, na koma aiki, sanyi ya shiga sosai, ba a taɓa ko bututu ɗaya ba. Sai na fara zuwa zaman majalisar duk wata. Ina tasowa daga gidan tsofaffin in hau bas da farar rigar aikina, in zauna a layin gaba. Idan aka ba jama'a dama in tashi in ce har yanzu ba a fara ba, in zauna. Ba na ƙara komai. Har magajin garin ya san ni, yana ganina sai ya juya ya dubi ma'aikacin da ke kula da gidajen haya.

Sun wuce wa'adin da aka ba su. Sai da itatuwa suka fara fure sannan suka zo suka farfasa bangon banɗakuna, muka yi makonni muna wanka a bokiti. Bayan sun gama jami'ar lafiyar ta dawo ta ɗibi ruwan safiya, ta ce yanzu ya yi.

Dalmar jinin 'yata ta riƙa sauka a hankali, gwaji bayan gwaji. Na tambayi likita ko za ta kamo sa'o'inta a magana da karatu. Ya ce ba zai yi mini alkawarin abin da bai sani ba. Ya ce akwai wani aji da gunduma take yi wa yara irinta, amma masu jira suna da yawa, kuma ofishin ba ya amsa waya. Na tambaye shi inda ofishin yake da lambar bas ɗin da ke zuwa can. Ranar Litinin na nemi a canza mini aiki zuwa na yamma, na goya ta duk da ta yi nauyi, muka isa kafin su buɗe.